Na'urar gano ƙarfe: murfin kwalba da ƙusa kawai nake tonowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya aiko mini da na'urar gano ƙarfe ta Garrett daga Ingila. Mako uku ke nan ina zagaya tsohon kangon gidanmu a Zariya, ban da ƙusa da murfin kwalba babu abin da na samu. Ta lalace ne, ko akwai yadda ake gane tsabar kuɗi kafin a tona?

Amsa: Wa alaikumus salam. Lafiyarta ƙalau, kunnenka ne bai saba da ita ba tukuna.

Faifan da ke ƙasan sandar yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk ƙarfen da ya tarar sai ya mayar da martani, na'urar ta auna yadda lantarki ke ratsa shi. Ba ta san kuɗi ba, lamba kawai take ba ka, galibi daga 0 zuwa 99. Baƙin ƙarfe yana can ƙasa, takardar alminiyam da hannun buɗe gwangwani a tsakiya, azurfa da jan ƙarfe a sama.

Kada ka fara da kango. Ka sami wuri mai tsabta a tsakar gida, ka binne tsohon kwabo mai huji, sule, ƙusa da murfin kwalba, kowanne zurfin rabin taƙi, da tazarar taku biyu tsakaninsu. Ka riƙa wucewa da faifan a hankali, dab da ƙasa, har ka haddace muryar kowanne. Za ka ji kwabo yana ba da sauti ɗaya tsaf, lambar ba ta motsi sosai. To, sai ka koma gefe ka ratsa shi a gicciye. Kuɗi zai maimaita abin da ya faɗa, ita kuwa ƙusa sai muryarta ta karye ko ta ɓace. Murfin kwalba shi ne babban maƙaryaci: yakan yi ƙara mai daɗi kamar azurfa, amma lambarsa tsalle take yi, kuma in ka ja faifan baya har bakinsa ya zo kan murfin, sai ka ji gurnanin baƙin ƙarfe. In ka ɗaga faifan sama da taƙi ɗaya ƙarar tana nan daram, gwangwani ne, ka wuce.

Akwai tarkon da littafin na'urar ba zai gaya maka ba. Kwandalolin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, da baƙin ƙarfe aka yi su, kai musu mayen ƙarfe ka gani. In ka matsa maɓallin tace tarkace (wanda ke hana na'urar yin ƙara a kan tarkacen ƙarfe) da yawa, su ma za su iya tafiya. Haka zoben zinariya, unguwarsu ɗaya da hannun gwangwani. Ni a ganina, mai koyo ya bar tacewar a ƙasa, ya tona duk abin da ya maimaita sauti.

Jar ƙasarmu mai marmara ma tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, shi ya sa na'urar ke surutu babu dalili. Ka rage mata ƙarfin ji da mataki ɗaya ko biyu, in kuma tana da maɓallin daidaitawa da ƙasa, ka yi amfani da shi.

In ka fita daga kangonku, nemi izinin mai fili, ka kuma nisanci ganuwa da maƙabarta.