Shiga sashen kiɗa ba tare da iya karanta nota ba

Ɗan'uwa, ka ce tun kana yaro kake kaɗa kalangu amma ba ka iya karanta nota, wato rubutun kiɗa ba, ko za ka iya karatun kiɗa a kwaleji? Za ka iya. A shekarar farko daga tushe ake farawa: layuka biyar ɗin nan da ake rubuta sauti a kansu, da sunayen sautuka, wato do-re-mi, da horar da kunne.

Sai dai ka nemi fiyano ko kibod tun yanzu. Ni da goge na shiga, kuma darasin haɗa sautuka ne ya fi ba ni wuya, don malam yakan danna maɓalli uku lokaci guda ya ce mu faɗi sunayensu. Bugu kam hannunka ya riga ya san shi. Ka riƙa zama a gaban kibod ko rabin awa ne kullum kafin a buɗe makaranta.