LibreNMS ba ya ganin na'urorina, ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ni ke kula da netwok na wata makaranta a Kaduna. Muna da rauta na MikroTik da suwici-suwici na Cisco. Na saka LibreNMS, manhajar sa ido kan na'urorin netwok, don ya gano su da kansa, amma biyu kacal ya gani. Me zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, galibi laifin ba na manhajar ba ne. Ita tambaya kawai take aikawa ta hanyar SNMP (ƙa'idar da ake bi wajen tambayar na'urorin netwok halin da suke ciki), na'urar da ba a kunna mata SNMP ba kuwa shiru za ta yi. Don haka fara da nan. Kunna shi a kowace na'ura, ka buɗe tashar UDP 161 (ƙofar da saƙon SNMP ke shiga na'ura) daga uwar garken da LibreNMS yake, da 162 in kana son na'urorin su riƙa aiko da ƙararrawa da kansu.

Sannan kada ka bar kalmar "public" da ake samu a matsayin kalmar shiga ta SNMP v2c (siga ta biyu ta SNMP). Kowa ya san ta, kuma v2c a fili yake aika ta, wanda ya saka kunne a layin zai karanta. Ni dai shawarata v3 ce (siga ta uku), da SHA don tantance mai shiga da AES don ɓoye saƙo, sunan mai amfani ɗaya da kalmar sirri ɗaya a duk na'urorin, a kuma taƙaita izini ga adireshin uwar garken kaɗai.

Ganowar da kake nema daga maƙwabtaka take zuwa: na'ura ɗaya ce ke faɗa wa manhajar wadda ke haɗe da ita. Cisco na da tata hanyar sanin maƙwabta mai suna CDP, amma tunda na'urorinka gauraye ne, kunna LLDP ko'ina, wato hanyar da ta zama ta bai ɗaya tsakanin kamfanoni. Ka rubuta wa LibreNMS zangon adireshin IP ɗin da aka yarda ya bincika. Abin da ke yawan kama mutane shi ne, a tsarinsa na asali ba ya ƙara na'ura da lambar IP kaɗai, sai DNS (tsarin da ke haɗa suna da lambar IP) ya san sunanta, ko ka ba LibreNMS izinin ƙara ta da lambar IP kaɗai.

Kar ka raina agogo. Yawancin ƙananan rautocin MikroTik ba su da batirin riƙe lokaci, ana ɗauke wuta agogon ya kauce, sai ka rasa yaushe layi ya yanke. Haɗa su duka da NTP, mai daidaita agogo ta netwok, ka tura syslog (rahoton abubuwan da ke faruwa a na'ura) zuwa uwar garken ta UDP 514. Ka kuma sa wa kowace na'ura suna da wurin da take, kamar "Suwici, ɗakin karatu, bene na 2", don wanda zai je gyara ya san inda zai nufa.