Kwayil na ɗaukar zafi, ƙarfe ya ƙi ja: ina matsalar?

Tambaya: Ni maƙeri ne a Panteka, Kaduna. Na sayi ƙaramin injin gasa ƙarfe da maganaɗisu, na naɗa masa kwayil (naɗin da ake sa ƙarfen a cikinsa) da waya mai kaurin ɗan yatsa. Wayar sai ƙuna take yi, bakin kurfin da nake son gasawa kuwa ko ja bai yi ba. Me zan gyara?

Amsa: Malam, kaurin wayar ba shi ne maganin ba. Irin wannan inji yana juya wuta sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma idan juyin ya yi yawa, lantarki ba ya ratsa tsakiyar waya, fatarta kawai yake bi. A jan ƙarfe, zurfin da yake shiga kusan milimita 9 ne a haz 50 na wutar gida, wato juyi 50 a daƙiƙa, amma a kilohaz 100, wato juyi dubu ɗari a daƙiƙa, kusan milimita 0.2 ne kawai. Ka ga cikin wayarka duk a banza yake, wuta ta cunkushe a ɗan siririn wuri, ga shi zafi ba shi da mafita.

Shi ya sa ake amfani da bututun jan ƙarfe, irin na masu gyaran AC, mai faɗin milimita 6. Bangonsa ya ishi wutar, ramin kuma sai ruwa ya riƙa zagayawa da ƙaramin famfo. Kafin ka lanƙwasa shi, cika shi da busasshen yashi don kada ya lotse. Ruwan ya zama tatacce. Mai laka toshe bututu yake yi.

Na biyu, kuma a nan aka fi asara: tazara. Idan kwayil ya yi wa kurfin faɗi, maganaɗisun a iska yake tafiya. Bar milimita 3 zuwa 5 tsakaninsu, kada naɗi ya taɓa ɗan'uwansa, ƙafafun da ke komawa inji kuma su zama gajeru, kusa da juna. Kada ka ɗaure su da noti na baƙin ƙarfe, shi ma gasuwa zai yi. Sa na tagulla.

Yawan naɗi kuwa, tsaya kusa da abin da injin ya zo da shi, domin an daidaita shi ne da kafasita, wato ma'ajiyar cajin da ke cikin injin. Rage shi da yawa na iya ƙona taransisto, wato na'urar da ke kunna wuta da kashe ta a cikin injin.

Idan ƙarfe ya yi ja sannan zafin ya ja baya, ba lalacewa ba ce. A wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius ƙarfe ke daina kama maganaɗisu, daga nan sai inji mai ƙarin ƙarfi.