Ina Ajantina take, kuma yaya yankunanta suke?

Malam, ka tambayi inda Ajantina take, da kuma ko duk ƙasar shimfiɗaɗɗen fili ce ta kiwo kamar yadda ake yawan nuna ta. Tana kudancin nahiyar Amurka ta Kudu, faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2.78, wato ita ce ta takwas a duniya, kuma babu ƙasar da ke magana da Sifaniyanci da ta kai ta girma. Tsaunukan Andes ne suka raba ta da Chile ta yamma, inda Dutsen Aconcagua mai tsayin kimanin mita 6,960 yake, tekun Atlantika kuwa yana gabas.

Filin da kake nufi shi ne Pampas, a tsakiyar ƙasar, mai baƙar ƙasa da albarka, inda ake noman alkama da masara da waken soya, ana kuma kiwon shanu, kuma a bakinsa babban birni Buenos Aires yake. Amma yanki ɗaya ne kawai. A arewa akwai Chaco mai zafi da itatuwan ƙaya, sannan lardin Misiones mai kurmi da ruwan Iguazú da ke zubowa daga tsauni. A lardin Mendoza da ke yamma, a gindin tsaunukan Andes, ruwan sama ƙalilan ne, manoma da ƙanƙarar tsaunuka da ke narkewa suke ban ruwa, abin da a ganina ya cancanci nazari.

Kudu kuma Patagonia ce, busasshiya, mai iska da ƙarancin jama'a, ana kiwon tumaki har zuwa Ushuaia, garin da ke can ƙarshen kudancin ƙasar. Ka lura cewa lokacin sanyi a Ajantina yana kamawa ne a Yuni da Yuli.