Wai kalandar mutanen Maya ta fi ta cikin wayarmu daidai?

Tambaya: Salam malam, na ga wani bidiyo ana cewa kalandar mutanen Maya ta fi wadda ke cikin wayoyinmu daidai, kuma wai su suka ce duniya za ta tashi a 2012. Don Allah ya abin yake?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Gaskiya mai bidiyon ya ƙara gishiri. Mutanen Maya, da suka rayu a yankin kudancin Meziko da Guwatemala, kalandarsu ba ɗaya ba ce. Akwai Haab mai kwana 365, wata 18 kowanne kwana 20 sai ragowar kwana 5, akwai kuma Tzolkin mai kwana 260 ta harkar ibadarsu. To ita Haab ba a ƙara mata kwana irin namu na 29 ga Fabrairu, shi ya sa duk shekara 4 take zamewa da kusan kwana guda daga tafiyar rana. Ta wayarka kuwa, wadda Fafaroma Gregory ya gyara a 1582, shekararta kwana 365.2425 ce, ta rana kuma kusan 365.2422, sai an yi shekara wajen 3,000 kafin kuskuren ya kai kwana ɗaya.

Amma fa kar a raina su, ni wallahi suna burge ni, mutanen da ba su da na'urar hangen nesa da ido kawai suka lissafa zagayen tauraruwar Zahra kwana 584 alhali ainihinsa 583.92 ne, a birninsu na Palenke kuma suka ce zagaye 81 na watan sama kwana 2,392 ne, in ka raba za ka ga ya zo dab da lissafin masana na yau.

Sannan suna da dogon lissafi da suke ƙirga kwanaki ɗaya bayan ɗaya tun daga shekara ta 3114 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kusan haka wayarka ta Android take yi, daƙiƙoƙi take ƙirgawa tun 1 ga Janairun 1970, sai ta juya maka su zuwa kwanan wata a fuskar waya. Abin da ya faru ran 21 ga Disambar 2012 shi ne wannan lissafin ya cika zagaye 13 masu kwana 144,000 kowanne, kamar mitar mota ta cika ta juya, washegari aka ci gaba da ƙirga.