Takarda mai shan tawada, da kwalayen da suka cinye mini kwasar adashi

Jiya da la'asar ina alwala ka tsare ni da tambaya biyu. Ka ce, "Maigida, me ya sa takardar da na zuba da hannuna take shan tawada, da an ɗora alƙalami sai rubutun ya baje? Kuma me ya sa ka hana ni dama kullun fulawa in liƙa kwali, alhali ya fi sitaci sauƙin samu?" Ka ga na yi shiru na wuce masallaci. Ba kai ka ɓata mini rai ba, kalmar fulawar nan ce ta tayar mini da wani tsohon miki. Ga amsarka yanzu, ka karanta a natse.

Yadda ake yayyaga takarda, a jiƙa ta ta kwana, a kirɓa a turmi, a tsoma rariya a baho, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wata bakwai kana tsaye a kaina kana kallo. Wanda bai kama wannan a wata bakwai ba, gara ya nemi wata sana'ar tun da wuri.

Takardarka tana shan tawada ne domin ba ka ba ta sitaci ba. Takardar da ta fito daga rariya ta bushe, zare ne kawai ya sarƙe da zare, kamar auduga, duk abin da ya taɓa ta sai ta tsotse. Ka dama sitacin rogo cokali biyu a ruwa lita ɗaya, ka ɗora a wuta kana juyawa har ya daina fari ya zama garau, tsararo kamar kokon da ake ba mai jinya. Ya huce, ka shafa da burushi mai laushi, fuska ɗaya ta bushe sannan ɗayar. Bayan nan ka shimfiɗa ta a kan katako mai santsi ka goge da gindin kwalba har ta yi sheƙi. Ka ɗiga ruwa ka ƙirga goma. In ɗigon ya tsaya a dunƙule, ta yi. In ya nutse, ka sake shafawa, kada ka zo ka ce mini ai ka riga ka shafa sau ɗaya.

Wannan ba ni na ƙirƙiro ba. Larabawa da sitacin alkama ko na shinkafa suke shafe takardarsu su goge ta, mutanen Fabriyano a ƙasar Italiya kuma suka koma amfani da danƙon da ake dafawa daga fata. In ka samu tsohon alaramma ya buɗe maka gafakarsa, ka roƙe shi ka ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana. Sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Daga Italiya take, ta ratso hamada a kan raƙumi ta hanyar Tarabulus da Masar. Irinta suna nan ajiye a Arewa House a Kaduna, sun haura shekara ɗari, wasali bai shiga cikin wasali ba. Mutanen da suka yi ta ba su da lantarki, amma ba su tsallake mataki ba.

Yanzu maganar fulawa.

Damunar 2012 ce, shekarar da aka yi babbar ambaliyar nan. Azumi ya faɗo a tsakiyar ruwa, goman ƙarshe ta zo a watan Agusta. Ina zaune a shago wani mutum ya faka mota ya shigo, babbar riga, ƙamshin turare tun daga bakin ƙofa. Ɗan kwangilar biki ne, irin waɗanda masu kuɗi ke danƙa wa hidimar aure gaba ɗaya. Ya ga katin da na yi wa wani, mai ɓawon albasa da busasshen furen zoɓo a cikin takardar, ya ce irinsa yake so. Katin gayyata 800 da ambulan ɗinsu, da ƙananan kwalaye 300 na zuba dabino da alawa a wajen ɗaurin aure. Biki mako ɗaya bayan ƙaramar Sallah, kati kuma dole ya fita kafin Sallah.

Na ce masa kwanakin sun yi kaɗan, rana ba ta fitowa, takarda ba za ta bushe ba. Ya ce ai an gaya masa duk garin nan babu hannu irin nawa. Gaskiya ya faɗa, amma ba don Allah ya faɗe ta ba. Muka yi ciniki ya danne ni, ya ba ni kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ya ce sauran sai kaya sun isa. Ba rubutu, ba shaida, sai "Haba Malam, a watan azumi zan cuce ka?"

Kuɗin da ya bari bai isa sayen kaya ba. A lokacin kwasar adashina ta zo, wadda na yi wata goma ina zubi domin in sayi injin yanka takarda. Na kwashe ta na zuba a aikinsa. Na ɗauko yara uku, muna yi daga bayan sahur har a sha ruwa, a dawo daga asham a ci gaba. Igiya ta cika shago, ta cika zauren gidana, har ɗakin uwargida sai da na rataye takarda. Katunan sun fito yadda nake so, domin su na ba su haƙƙinsu, sitaci sau biyu, guga sau ɗaya. Da aka zo kan kwalaye sitacina ya ƙare, dare ya yi, kasuwa ta tashi, mutumin nan yana ta kiran waya. Sai na sa aka karɓo fulawa mudu ɗaya a wajen mai shayi, na dama, ban sa kanumfari ba, ban sa alif ba. Muka liƙa kwali 300. Na taɓa su da asuba na ji da sauran sanyi a jikinsu, hannuna ya gaya mini ba su bushe ba. Duk da haka na jera su hamsin-hamsin a leda na ƙulle baki, domin direbansa na tsaye a waje.

Ɗanyen kullu, a cikin leda, a watan Agusta. Ko kai da ka zo jiya ka san abin da zai biyo baya.

Kwana huɗu ya dawo da ƙulli ɗaya ya jefa mini a kan tebur a gaban maƙwabtana. Na kwance, wari ya buge ni. Funfuna kore da baƙi ta bi duk layin da aka liƙa, wasu sun saki baki. Na ƙirga, arba'in da ɗaya ne suka lalace a ƙullin. Na ce laifina ne, ya kawo sauran in duba, wanda ya ɓaci in sake masa kyauta ko da ba zan yi barci ba. Ya ce babu saura, duka sun ruɓe, har katunan sun kama wari ya sa an ƙone, ya je ya buga wasu a maɗaba'a, kuma in gode wa Allah da bai ce in dawo da kafin alƙalaminsa ba. Ya kaɗa riga ya fita. Maƙwabcina tela ya sunkuyar da kai, don kunyar da ya ji a madadina.

Na yarda da shi, ka ji abin da ya fi ci mini rai. Na yi mako ina jin nauyin na ɓata wa bayin Allah biki. Sai ranar Juma'a bayan Sallah wani abokina direba ya zo wucewa ya ce, "Kai, ka ga wani kati da aka kawo wa maigidana, irin aikinka sak." Ya zaro daga aljihu. Furen zoɓona ne, ɓawon albasata ce, gefen da rariyata ke bari ne, domin akwai ƙusa ɗaya a kusurwa da ke yin ɗan tabo a kowace warƙa. Ranar ɗaurin auren na je na tsaya daga nesa. Da idona na ga yara suna rabon kwalayena a faranti, lafiyarsu ƙalau. Ashe ƙulli ɗaya ne ya kwana a ƙasan but ɗin mota ruwa ya same shi, sauran an buɗe su sun sha iska. Ya samu arba'in da ɗaya ya rufe bakina da su, ya cinye kashi biyu cikin uku na guminmu.

Na bi shi sau biyar. Na kai ƙara wajen mai unguwarsu, aka ce ina shaida, ina takarda. Ni da nake yin takarda da hannuna, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Yaran nan uku na biya su daga aljihuna, injin yanka kuwa sai bayan shekara uku na saye shi, kuɗinsa ya riga ya tashi. Har yau in na ji ƙamshin irin turarensa sai ƙirjina ya yi nauyi. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba.

To shi ya sa ba a dama fulawa a shagona. Tana liƙewa, ban ce ba ta yi ba, masu ɗinkin littafi sun daɗe suna aiki da ita. Sai dai tana saurin tsami, kyankyaso da gara suna bin ta, da damina kuwa funfuna ba ta jira. Sitaci ma ba a barinsa ya kwana biyu. Ka dafa na yini ɗaya, ka jefa kanumfari biyar ko shida tun yana kan wuta, da ɗan alif kamar ƙwayar gero biyu. Kayan da aka liƙa kuma ba ya shiga leda sai ka ɗora shi a kumatunka ka ji babu sanyi.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, kun ga ana yi a waya cikin minti ɗaya, an markaɗa a blanda, an zuba, an ɗaga, sai ku ɗauka aikin ke nan. Ba a nuna muku kwana biyun da ta yi a ƙarƙashin bulo tana danne ba. Kuna son a ɗauke ku hoto da kaya kafin kayan su bushe. Kai kanka shekaranjiya na ga ka zuba tsohuwar jarida da rasit ɗin POS a baho ɗaya da rarar takardar maɗaba'a. Jarida zarenta gajere ne, tana yin ja in ta kwana biyu, rasit kuwa magani ne a jikinsa, ba ya shiga aikina. Rarar maɗaba'ar nan da kake wasa da ita kuɗi ce. Kamfanonin takarda da gwamnati ta gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku duk sun durƙushe, farar takarda daga waje ake kawo yawancinta, dala ta motsa ita ma ta motsa. In kirɓaɓɓiyar takardar ta yi rauni, ka karɓo ƙyallen farar auduga a wajen tela ka dafa ka kirɓa ka haɗa. Kuma kafin komai ya taɓa ruwa, ka duba warƙa-warƙa. Duk wadda ke da aya ko sunan Allah ka ware ta a kwalin da ke saman kanta, ba a kirɓa ta a turmina.

Takardun da ka zuba ranar Talata guda ashirin suna nan, ban zubar ba, kaurinsu ya yi daidai. Gobe ka zo da sitaci rabin mudu da kanumfari, ka biya ta wajen mai lemo ka karɓo kwalba marar zane a gindi. Ka zo da littafin rasit ma, akwai wata hajiya da za ta zo batun ambulan 200, kai za ka rubuta cinikin a gabanta ta sa hannu.