Yaya ƙwayar da ido ba ya gani take kai magani inda cuta take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta uku a karatun harhaɗa magunguna, kuma ina yawan jin ana cewa nanoteknoloji zai canza yadda ake ba da magani da ɗaukar hoton cikin jiki. Me ake yi a zahiri, kuma ta wace hanya mutum zai zama mai bincike a fannin? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Idan aka raba mita gida biliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000, ƙwayoyin da muke aiki da su a nanoteknoloji kuwa yawancinsu ba su wuce nanomita 100 ba.

Ɗauki doxorubicin. Maganin ciwon daji ne mai ƙarfi, sai dai yana yi wa zuciya illa, don haka likita ba ya iya ba da shi yadda yake so. Masu bincike suka cusa shi cikin ƙwayar kitse mai kama da 'yar jaka, suka lulluɓe ta da sinadarin PEG don kada garkuwar jiki ta cafke ta da wuri. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin ciwon daji suna da 'yan kafofi, ta nan ƙwayar ke ratsawa ta taru, zuciya kuma ta samu sauƙi. Wannan shi ne Doxil, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 1995. Rigakafin korona na kamfanonin Pfizer da Moderna ma a cikin ƙwayar kitse aka ɗauko mRNA ɗinsu, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayoyin halitta furotin ɗin da za su ƙera, in ba haka ba jiki zai narkar da shi kafin ya shiga ƙwayoyin halitta.

Wajen hoto, ƙwayoyin ƙarfe masu maganaɗisu suna sa wasu sassa su fito sarai a na'urar MRI. Akwai kuma ɗigogin kwantum, wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu haske, waɗanda launin haskensu ke canzawa da girmansu. A kansu Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov suka samu kyautar Nobel a 2023. Da yawansu na ɗauke da kadmiyam mai guba, shi ya sa aikinsu ya fi yawa a ɗakin bincike.

Amma kada kowa ya ruɗe ki. A 2016 Warren Chan da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto sun tattara binciken shekara 10 da aka yi a kan dabbobi, suka gano kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na ƙwayoyin da aka yi allura ke isa ga ƙarin. Hanta da saifa ke haɗiye kaso mai yawa. A ganina nan ne aikin yake, kuma nan ake neman irinku.

Game da hanya, dubi Robert Langer. Injiniyan sinadarai ne, ya kammala digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka a 1974. Kamfanonin man fetur suka yi masa tayin aiki, ya ƙi, ya tafi asibitin yara na Boston wurin likita Judah Folkman. A 1976 suka nuna cewa wata roba ta musamman na iya sakin manyan sinadarai a hankali, abin da masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba. An yi watsi da takardunsa tara na farko na neman kuɗin bincike. Daga baya yana cikin waɗanda suka kafa Moderna a 2010.

Ke kam kin riga kin kama bakin zaren. Ki dage da kimiyyar sinadarai, da yadda magani ke yawo a jiki har ya fita, da ilimin ƙididdiga. A aikin kammala digiri ki nemi malamin da zai bar ki ki haɗa ƙwayar kitse da hannunki, ki auna girmanta, ki ga yadda take sakin magani awa bayan awa. In kin zo digiri na biyu da na uku, ki duba abin da ɗakin binciken ya wallafa da na'urorin da yake da su kafin ki duba sunan jami'ar.